Yadda Ake Cin Furaktikal ɗin Bayoloji Ba Tare da An Fasa Kwalba Ba

Duk shekara, da zarar zafin bazara ya kankama, sai ka ga 'yan aji shida na sakandare daga Gwammaja zuwa Ƙofar Ruwa sun canza hali. Yaron da jiya yake ihu in ya ga kyankyaso, yau shi ne yake bin sa da leda. Yarinyar da sai an yi mata faɗa take yanka albasa, yau da kanta take roƙon a ba ta ɗaya. Iyaye, ku kwantar da hankalinku, ba sai an kira mai ruƙiyya ba. Furaktikal ɗin bayoloji ne ya ƙarato, WAEC a gaba, NECO na biye da ita.

An kafa WAEC tun 1952, NECO ta biyo baya a 1999, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: duk mai son a kira shi likita wata rana, sai ya fara zama gaban faranti ɗauke da mataccen ƙwaro. Jihar Kano ta ɗauki maganar kimiyya da gaske tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. To amma ba kowa Allah ya nufa da zuwa can ba. Saboda sauran ƙannena da ke gindin Dala, maza da mata, na tattara waɗannan shawarwari. Kyauta ne, wanda ya ci ya yi mini addu'a, wanda ya faɗi kuma ban san shi ba.

Shawara ta ɗaya: ka fara gano inda lab ɗin yake

Kada ka raina wannan mataki, akwai waɗanda suka gama makaranta ba su kai gare shi ba. Alamarsa a bayyane take. Ka zagaya makarantar, ƙofar da ka ga ta fi kowace girman kwaɗo, tagoginta sun sha ƙura, to ka iso. A wasu makarantun, ba na kama suna, sau biyu ake buɗe ta a shekara: ranar da baƙi masu duba makarantu za su zo, da ranar jarrabawa.

Idan Allah ya yi aka buɗe, ka shiga da sallama, domin akwai mazauna. Za ka tarar da maciji cikin kwalbar fomalin wanda ya riga shugaban makarantar kama aiki, da kwarangwal ɗin roba mai hannu ɗaya wanda wani tsohon ɗalibi ya ɗora wa hula. Ka gaishe da Baba mai kula da lab da ladabi, har da ɗan rusunawa. Malam ya san abin da ke cikin littafi, amma Baba ne kaɗai ya san abin da ke cikin kwalaben da takardar jikinsu ta goge.

Dokokin ɗakin uku ne. Ba a ci, ba a ɗanɗanawa, ba a cusa hanci a bakin kwalba. In dole sai ka ji warin abu, ka fifita shi da hannu ya zo maka daga nesa. Wanda ya karya doka ta uku ba sai an yi masa hukunci ba, jiki magayi.

Shawara ta biyu: ka ce ka gani, amma ya fi kyau ka gani ɗin

Maikiroskof ɗaya ne, ku saba'in ne, minti arba'in ne. Al'adar da aka gada ita ce kowa ya leƙa na daƙiƙa biyu, ya ɗago ya ce, "Na gani, Malam." Abin da akasari aka gani shi ne gashin idon mai leƙawa. Masu sa'a kuma sukan ga wata kyakkyawar da'ira mai baƙin baki, su zana ta da alfahari. Kumfar iska ce ta maƙale a ƙarƙashin gilashi.

Mai son ya saɓa wa al'ada ga hanya. Ka ɓare albasa, ka zare siririyar fatar nan da ke cikin kowane ɓawo, wadda haske yake ratsawa. Ka shimfiɗa ta a kan gilashi, ka ɗiga aidin, ka kwantar da murfin a karkace a hankali don iska ta fice. Ka juya madubin ƙasa ya fuskanci taga, abin da ya sa wannan tsohuwar na'ura ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Ka fara da ƙaramin ido. In za ka sauke shi, ka duba ta gefe, in ba haka ba za ka ji "ƙas," kuma daga ranar sunanka ya shiga littafin Baba. Idan abin ya daidaita, za ka ga ƙwayoyin halitta a jere reras kamar tubalin katanga, kowace da ɗan ɗigo a ciki. Lissafin girman ba wuya: idon sama mai ×10 a ninka da na ƙasa mai ×40, ya ba ka ×400.

In kana ganin wannan aikin 'ya'yan manya ne, ka tuna cewa Antonie van Leeuwenhoek, mutumin garin Delft na ƙasar Holan, ɗan kasuwar yadi ne, bai taɓa zama a jami'a ba. Da a Kano aka haife shi, a Kantin Kwari za ka same shi. Da hannunsa ya riƙa goge ƙananan gilasai, kuma a 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya aika wa masanan Landan labarin ƙananan halittun da ya ga suna iyo a ciki. Kafin nan Robert Hooke ya riga ya wallafa zanen ƙwayoyin ɓawon itace a 1665. Darasin da ke nan biyu ne: gani ya kori ji, sannan a riƙa yin asuwaki.

Shawara ta uku: ka kai kuɗin tara lab

Gwajin abinci shi ne inda ɗan Dala ya fi kowa gata, domin duk abin da littafi ya lissafa yana bakin ƙofar makaranta a kan tire.

Sitaci ake fara nema. Ka gutsuri gurasa ka ɗiga mata aidin. Ruwan aidin ruwan ƙasa ne, amma yana haɗuwa da sitaci sai ya koma shuɗi mai duhu har ya kusa zama baƙi. Wannan gurasar ta tafi ke nan, kada ka ce za ka cinye gefen da bai taɓa ba.

Sai sukari. Ka dama dabino ko zuma da ruwa a kwalbar gwaji, ka zuba ruwan Benedict, wanda shuɗi ne, ka ɗora cikin ruwan zafi. Launin zai bi layi, daga kore zuwa rawaya, zuwa ruwan goro, ya tsaya a jan ƙasa. Gwargwadon yawan sukarin, gwargwadon nisan tafiyar. A nan akwai tarko. Sukarin mai shayi, duk zaƙinsa, in ka gwada shi haka nan shuɗin ba zai motsa ba. Sai an tafasa shi da ɗan asid mai rauni ya rabe gida biyu, an kashe kaifin asid ɗin, sannan ya amsa. Kuma ko me za ka dafa, bakin kwalbar ya kalli bango. Kada ya kalle ka, kada ya kalli abokinka, ko da kana bin sa bashi.

Furotin kuwa awara za ka nema, ko farin ƙwai. Ruwan Biuret yana haɗuwa da su sai ya koma shunayya. Maiƙo kuma ba ya bukatar lab sam. Takardar da aka naɗo maka ƙosai ko tsire, ɗaga ta sama ka ga yadda haske yake ratsa inda man ya taɓa, kuma ko ta kwana ba ta komawa yadda take. Jiƙon ruwa yana bushewa, na mai ba ya bushewa. Iya mai ƙosai ta shekara talatin tana wannan gwaji kowace safiya, ba wanda ya ba ta kiredit.

Akwai na ƙarshe da ba ya cin ko sisi. Ka tauna gurasa ba ƙuli ba yaji, ka ƙi haɗiyewa, ka yi ta tauna. Can za ka ji ɗan zaƙi-zaƙi, domin sinadarin amiles da ke cikin yawu ya fara farfasa sitaci zuwa sukari. In furaktikal ya faɗo cikin azumi, wannan gwajin sai bayan an sha ruwa, kuma ba a karɓar uzurin "kimiyya nake yi."

Shawara ta huɗu: ki nemi izini kafin ki huda dankalin gida

Ƙanwata, wannan taki ce, tunda ke aka fi aika kicin. Ki samo dankalin Turawa biyu ko guntayen doya biyu. Ki fere, ki rarake tsakiyar kowanne ya zama ɗan ƙoƙo. Ɗaya ki bar shi ɗanye, ɗaya ki dafa. Ki zuba ruwan sukari mai kauri a cikin ramin kowanne zuwa rabi, ki soka allura a daidai inda ruwan ya tsaya, ki ajiye su cikin faranti mai ruwan zalla. Bayan wasu awanni, ruwan da ke cikin ɗanyen zai haura allurar, na dafaffen yana nan inda kika bar shi.

Dalili shi ne fatar ƙwayoyin ɗanyen dankali tana da rai, tana barin ruwa ya wuce daga inda ya fi yawa zuwa inda sukari ya yi kauri, tana tare sukarin. Wuta ta kashe fatar na dafaffen, ba mai gadin ƙofa. Wannan shi ne osmosis ɗin da ake haddacewa da kuka. Shi ne kuma dalilin da ya sa yankakken gurji yake tsatsafo da ruwa in an barbaɗa masa gishiri.

Kada ki manta da dafaffen nan, shi ne shaidarki. Duk gwajin da ba shi da na kwatance, labari ne kawai. In kuma Umma ta tarar da ke kina huda mata dankali a wannan tsadar, to ki bayyana mata komai a tsanake, daga nesa.

Shawara ta biyar: ka dafa ganye, amma kada ka gayyaci kowa

Ana so ka nuna cewa ganye yana haɗa abincinsa ne da hasken rana. Ka sa shuka a ɗaki mai duhu kwana biyu ta cinye ajiyarta. Ka rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, gaba da baya, ka fitar da ita rana. A Kano ba za ka yi ƙorafin ƙarancin wannan ba. Da la'asar ka tsinko ganyen, ka tsoma shi a tafasasshen ruwa ya mutu, sannan ka sa shi cikin sifirit ya zuƙe koren.

Nan ne ake rabuwa da gira. Ba a ɗora sifirit a kan wuta kai tsaye. A kashe wutar, a tsoma kwalbar sifirit ɗin cikin ruwan zafi, shi ke nan. Idan ganyen ya yi fari, ka ɗauraye shi da ruwan ɗumi ya yi laushi, ka ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi-baƙi, inda takarda ta rufe ba zai yi ba. Wani Bajamushe, Julius von Sachs, shi ya fito da wannan hanya a shekarun 1860, kuma har yau ba a samu ganyen da ya ƙaryata shi ba.

Kana nan kuma ka ɗaure reshen darbejiya da farar leda. Kafin azahar za ka ga raɓa ta taru a ciki, ruwan da ganye yake fitarwa ta ƙananan ƙofofinsa. In maƙwabta suka fara kallon bishiyar suna ƙus-ƙus, ka yi saurin kwancewa.

Gwajin tsiro ma haka. Wake a gwangwani huɗu: ɗaya kan busasshiyar auduga, ɗaya kan jiƙaƙƙiya, ɗaya nutse cikin tafasasshen ruwan da ya huce aka rufe samansa da mai, ɗaya kuma kan jiƙaƙƙiyar auduga a cikin firji. Littafi ya ce na biyun ne kaɗai zai tsiro, tunda shi kaɗai ya haɗa ruwa da iska da ɗumi. Littafin bai san halin wutar unguwarku ba. In na cikin firji ya riga kowa tsirowa, ka rubuta abin da ka gani, ka kuma rubuta dalili.

Shawara ta shida: ka girmama sifesimin, kada ka cinye shi

Kyankyaso yana ko'ina sai ranar da ake nemansa. Wanda ka samu kuma, kada ka taka shi da silifa, domin ana bukatarsa da kai da ƙirji da ciki, da ƙafafu shida cif. Wannan ƙirgen yana raba gardama: mai ƙafa shida ƙwaro ne, mai takwas dangin gizo-gizo ne, kuma kaskar da ke kunnen ragonku tana cikin masu takwas.

Fara tana da nata haɗarin. Ana son ka lura da manyan ƙafafunta na baya da take tsalle da su, su ne kuma abin da mai suya take fara cirewa. Soyayyar fara mai yaji ba sifesimin ba ce, ko da ka kawo ta da kyakkyawar niyya. Jangwada kuwa, mai jan kan nan da ke gyaɗa kai a kan katanga, namijin ƙadangare ne, kuma ya fi ka gudu. Ka bar shi, ka zauna ka kalle shi da rai, za ka fi ƙaruwa.

Bayan ruwan sama, ka je bakin kududdufi da gwangwani. Za ka samu talibambam, da gansakuka, da tsutsar sauro. Wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa ta sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ce, wadda ta rataye kai ƙasa ta ɗan'uwansa ce mai kukan dare. Ka gama dubawa ka zubar a busasshiyar ƙasa. Kada ka ajiye su a ɗaki har su yaye.

Sunayen kimiyya kuwa tsarin Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ake bi, wanda ya jera na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. Suna biyu ne, na farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami, a ja layi ƙarƙashin kowanne daban. Albasa Allium cepa, masara Zea mays, ƙudan gida Musca domestica. Harafi ɗaya ya kuskure, maki ya tafi.

Shawara ta bakwai: kada ka gudu ranar Babbar Sallah

Babban furaktikal na shekara a tsakar gidanku ake yin sa, kuma da an kayar da rago kai ne na farkon sulalewa. Bana ka tsaya ka riƙe ƙafa. Ka dubi zuciya a tsaga ta ka ƙirga ɗakunanta huɗu. Ka ga huhu da maƙogwaron da ya rabe biyu ya shige shi. Ka ga hanta da maɗaciya manne a jikinta, da saifa, da ƙoda biyu cikin kitse. Ka ƙirga sassan cikin rago huɗu, tumbi ne babbansu, ka gane dalilin da ya sa yake tuƙa. Mahaucin da aka ɗauko zai nuna maka kowanne ido a rufe.

In an sha romo, ka tattara ƙasusuwan wuya da na gadon baya ka wanke ka shanya. Ƙashin wuya bakwai ne a rago, bakwai a raƙumi, bakwai a raƙumin dawa, bakwai a wuyanka. Ƙashin farkon shi yake ba ka damar gyaɗa kai ka ce e, na biyun shi yake ba ka damar girgiza shi ka ce a'a. Ɗan unguwar da Asibitin Ƙashi na Dala yake cikinta bai kamata a nuna masa ƙashin baya ya ce na ƙafa ne ba.

Shawara ta takwas: ka kashe gwanintar zanenka

Mai maki ba ya neman kyau. Fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf ba tare da maimaitawa ba, ba inuwa, ba kala, ba biro. Layukan suna da rula ake jan su, su taɓa abin da suke nunawa, kada su gitta juna, kada a yi musu kan kibiya. A rubuta take, a cika girman da aka tambaya, a sa ninki.

Ninki shi ne tsawon zane a raba da tsawon abin da aka zana. Kyankyaso mai santimita 4, zane mai santimita 10, ninki ×2.5 ke nan. Masu son burgewa sukan rubuta ×1000. Da gaskiya ne, da zanen ya kai mita 40, sai dai a hau Dala a shimfiɗa shi.

Mafi girman doka kuma, ka zana abin da ke gabanka. In farar da aka ba ka ƙahonta ɗaya ya karye, to mai karyayyen ƙaho aka ba ka. Mai maki ya ga zanen littafin nan sau dubu, yana gane shi tun daga nesa.

Shawara ta tara: ka yi hattara da "an ce"

Saura kwana uku, za a fara raɗe-raɗin cewa sifesimin ya fito. Wani zai turo jeri ta WhatsApp, ya rantse daga majiya mai tushe ya samo. Za ka kwana kana haddace kifi, gari ya waye a ajiye maka ƙashi da furen Tridax. Ko da jerin ya zo daidai ma, sunan abu kaɗan ne daga cikin makin. Sauran yana wajen tambayoyin da ke biye: me ka lura da shi, me ya bambanta wannan da wancan, wane amfani wannan siffa take yi wa mai ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A zauren jarrabawa, ka karanta harafin da ke jikin kowane faranti kafin ka ɗora fensir, domin amsar B da aka rubuta a gurbin C ta zama sadaka. In an ce ka kawo bambance-bambance, ka ja tebur gida biyu, kowane layi ya fuskanci ɗan'uwansa. Kada ka ari kilina, kada ka ari rula, kada ka ari idon maƙwabcinka. Shi ma gashin idonsa ya gani.

Shawara ta goma: abin da za ka ce in sakamako ya fito

In F9 ce, kana da zaɓi. Za ka iya cewa lab ɗin a kulle yake, kuma wataƙila gaskiya ka faɗa. Sai dai ka tabbata ba a gaban Umma ka faɗa ba, domin ita ta san albasa da dankali da ragon layya duk ba a kulle suke ba.

In kuma A1 ce, ka ce rabo ne, ka kai wa Baba mai lab goro, ka biya Iya mai ƙosai bashinta. Sannan ka riƙe wannan a ranka. Yau da gobe sai Allah, wata rana kai ne shugaban makaranta, ko kwamishinan ilimi, ko attajirin da ake gayyata taron tsofaffin ɗalibai. Ranar nan kada ka yi dogon jawabi kan muhimmancin kimiyya. Ka sayi aidin da ruwan Benedict da maikiroskof goma, ka ɗauki wanda zai koyar da su aiki, sannan ka karɓi makullin lab ɗin ka ba monita.